Tsakanin mai magani da majinyaci, ina doka ta ke?

Ga cikakken jawabin da ɗaya daga cikin ƴan jaridarmu ya gabatar a wani zaman mahawara da ya haɗa ma'aikatan kiwon lafiya, masana shari'a da ƴan jarida.



An nemi in yi magana a kan dokokin da suka rataya a wuyan masu ba da magani a ƙasarmu Nijar. Aikina jarida ne, saboda haka zan dubi zancen daga inda talaka ke tsaye, wato bakin ƙofar asibiti, da marar lafiya a hannunsa. Abin da na ke so in nuna muku a yau shi ne, ƙasarmu tana da dokokin kiwon lafiya masu yawa, kuma mafi yawansu an tsara su da hankali. Sai dai doka igiya ce mai ɗaure mutum biyu, wanda aka yi wa ita da wanda ya yi ta. Muddin gwamnati ba ta sauke nauyin da dokar ta aza mata ba, ma'aikacin da ke son bin ƙa'ida zai rasa hanyar bi, shi kuma wanda ba ya so zai sami mafaka.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Tun 1961 kundin hukunta laifuffuka ya tanadi horo ga wanda sakacinsa ya jawo rauni ko rasa rai, da kuma ma'aikacin lafiya da ya tona asirin majinyaci. A 1962 aka kafa ONPPC, ofishin ƙasa mai shigo da magunguna, wanda ya riƙe wannan aiki shi kaɗai shekaru masu yawa. A 1988 aka kafa majalisar sana'a ta likitoci, masu farmasi da likitocin haƙori, wadda a ke kira Ordre da Faransanci. Bayan taron ƙasa na 1991 dokoki suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya: dokar tsabtar jama'a a 1993, dokar biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci a 1995, doka mai lamba 97-002 ta 10 ga watan Janairu 1997 a kan magunguna da farmasi, sai doka mai lamba 98-016 ta 15 ga watan Yuni 1998 wadda ta tsara yadda mutum zai yi aikin lafiya don ƙashin kansa. A 2006 aka yi dokar lafiyar haihuwa, a 2007 ta cutar sida, wadda aka sabunta a 2015, sannan a 2022 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kan magunguna. Kun ga ashe rumbun cike ya ke. Don mu ga ko hatsin na isa tukunya, zan bi tambayoyi biyar waɗanda kowane majinyaci ke da haƙƙin yi, ko da bai taɓa shiga lakwal ba.

Wane ne ke taɓa jikina?

Dokar 1998 ta ce ba wanda zai yi aikin lafiya don ƙashin kansa sai da izinin ministan kiwon lafiya, kuma buɗe gidan magani shi ma yana da nasa izini. Akwai ɗakin jinya, akwai ofishin likita, akwai kilinik, kowane da iyakar aikin da aka yarje masa gwargwadon ma'aikatansa da kayan aikinsa. Manufar a fili ta ke: kada wanda ya koyi ɗaure miki ya ɗauki wuƙar fiɗa, kada a kwantar da mutum a wurin da babu mai duba shi cikin dare.

Abubuwan da jama'a suka sha kuka da su kuwa kun san su. Ɗan kasuwa ya gina gida, ya ari takardar wani likita ya rataya a bango, alhali mai takardar ba ya leƙa wurin sai ƙarshen wata. Ɗakin jinya ya rikiɗe ya zama gidan haihuwa, ya sa ɗakin awon jini a bayan labule. Ma'aikacin gwamnati ya gaya wa majinyaci da safe cewa babu kayan aiki, da marece ya karɓe shi a kilinik. Ministoci sun sha ba da umurnin rufe irin waɗannan wurare, kuma hannun hukuma ya kai har ga manyan ƙungiyoyin waje. A watan Nuwamba 2018 an rufe cibiyoyin ƙungiyar Marie Stopes na Yamai da Maraɗi, bisa zargin zubar da ciki ba a cikin iyakar da dokar 2006 ta gindaya ba, domin dokar ta yarda da hakan ne kawai in rai ko lafiyar uwa na cikin hatsari, ko kuma abin da ke cikin na ɗauke da cuta mai tsanani. Rufewa aikin hukuma ne. Amma duk kilinik ɗin da aka rufe, kafin ranar ya yi watanni ko shekaru a buɗe, da allonsa a bakin titi, kuma ya kamata a tambayi inda masu binciken ofishin minista su ke a tsawon wannan lokaci.

Sannan mu juya ga asibitocin gwamnati. A 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da sakamakon binciken da aka yi a asibitocin manyan birane biyar na yammacin Afirka, ciki har da Yamai. Daga cikin abin da aka gano akwai ƴan sa kai marasa albashi, da leburori da masu gadi, suna yin ayyukan da doka ta keɓe wa masu takardar shaida, har da allura da wankin miki. Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou ya gina ɗakunan shan magani sama da 2000 a ƙauyuka, aka sa musu ma'aikatan da suka yi horo na ƴan watanni. Shirin ya kusantar da magani ga mutanen karkara, wannan ba a musu. Amma ku dubi halin ma'aikacin da ke shi kaɗai a ƙauye, da dare, ga mace naƙuda ta tsananta, ga hanya ruwa ya yanke. In ya sa hannu a aikin da ya fi ƙarfin iliminsa abin ya ɓaci, doka na jiran sa. In ya naɗe hannu aka rasa rai, doka da lamirinsa na jiran sa. Gwamnati ce ta ajiye shi nan, saboda haka ita ce ta farko da za ta ba da amsa. Wajibi ne ta rubuta a fili abin da kowane mataki na ma'aikata zai iya yi, ta horar da su a kai, ta ba su hanyar tura majinyaci gaba, kana ta nemi su tsaya a iyakarsu.

Haka zancen ya ke ga wanzamai, maɗora da masu maganin gargajiya. Dokar 1997 ta san da su, ta kuma tanadi yadda za a tsara aikinsu. Wanda ke yawo da lasifika a kasuwa yana cewa ƙullinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini, har majinyaci ya bar maganin asibiti, shi ma mai ba da magani ne, kuma gidan rediyon da ya karɓi kuɗi ya watsa tallarsa yana da nasa kaso na alhaki.

Mene ne wannan da za a ba ni?

Manya daga cikinmu ba su manta da sanƙarau na 1995 ba. Tsakanin watan Fabrairu da Mayu an ƙidaya mutum wajen 41,000 da suka kamu. Cikin watan Maris Nijar ta karɓi gudummawar allurar rigakafi guda 88,000 daga maƙwabciyarmu Najeriya, ɗauke da sunan kamfanonin Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Ma'aikatan ƙungiyar MSF da ke aiki tare da namu ne suka lura kamannin maganin ba daidai ba ne. Da aka bincika sai aka tarar lambobin da ke jikin kwalaben ba su dace da littafin kamfani ba, kuma babu ƙwayar rigakafi a ciki. An gano wajen 28,000 aka lalata, amma kafin nan an riga an yi wa mutum wajen 60,000 allurar banza, suka koma gida da tabbacin sun tsira. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta danganta mutuwar mutum 2500 da wannan al'amari.

Darasin da ke ciki babba ne ga masu aikin lafiya. Malaman da suka yi waɗannan allurai ba su karya wata doka ba, abin da hukuma ta miƙa musu suka yi aiki da shi. Ta ƙofar gwamnati kayan suka shigo. Abin da ya taƙaita ɓarnar kuwa shi ne idon ma'aikacin da ya ƙi yarda da abin da ya gani, da kuma lambar da ke jikin kwalba, wadda ta sa aka bi sawun sauran. Shi ya sa ƙa'idojin da wasu ke ɗauka wahalar takarda ce su ke da nauyin rai: a sayi magani daga dillalin da hukuma ta amince da shi, a ajiye takardar saye, a rubuta lambar kaya da ranar lalacewa, a tsare sanyin allurar rigakafi tun daga sito har zuwa dantsen yaro.

Shekara ɗaya kafin wannan annoba, a watan Janairu 1994, an karya darajar kuɗin sefa da rabi. Tunda daga waje mu ke sayo magani, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya ga mai talla da ke ɗauke da faranti a ka, wanda rana ke dukan ƙwayoyinsa tun safe har la'asar. Dokar 1997 ta ce sayar da magani aikin mai farmasi ne da ma'ajiyar da aka ba izini, amma ku zaga kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Birnin Ƙonni, ku ga abin da ke shimfiɗe a ƙasa, daga maganin zazzaɓi har tiramol da ke cinye ƙuruciyar samarinmu. A 1996 aka kafa LANSPEX, ɗakin binciken ƙasa mai awon ingancin magani. Duk da haka, a 2015, lokacin da sanƙarau ya kama mutum wajen 8500 ya kashe 573, har aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki, allurar gaskiya ta yi ƙaranci, iyaye suka ruga neman ta da kuɗinsu, sai ga ta jabu a kasuwa. OMS ta yi gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau a Nijar a wannan shekara, ta sake yi a 2017, ta kuma yi a 2019. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada mu ɗora laifin duka a kan mai faranti. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2023 ya nuna cewa wajen kashi 40 cikin 100 na jabu da gurɓatattun magungunan da aka ba da rahotonsu a ƙasashen Sahel tsakanin 2013 da 2021, a cikin halattacciyar hanya aka same su, wato a sito da farmasi da asibiti. Mai farmasin da ya sayi kwali a bayan fage don ya fi araha, da ma'aikacin da ya karkatar da maganin gwamnati zuwa kasuwa, su ne ke haɗa hanyoyin biyu.

Maƙwabta sun ɗanɗana irin wannan ɗaci. A Najeriya maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a 2008 da 2009, kuma a 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai. A Gambiya, a 2022, yara wajen 70 suka rasu bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Nijar na cikin ƙasashen da suka yi alkawarin Lome a watan Janairu 2020 don tsananta horo a kan masu fataucin jabun magani, tana kuma cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar Hukumar Magunguna ta Afirka, wadda ta fara aiki a 2021. Waɗannan matakai ne na kirki. Ranar da talaka zai shaida amfaninsu ita ce ranar da ya ga babban dillali a gaban alƙali, domin kama yaron da ke ɗauke da faranti bai taɓa rufe wani sito ba.

Nawa zan biya?

A nan ne gwamnati ta fi bayyana a matsayin mai doka kuma mai taka ta. Bayan shawarar Bamako ta 1987, da gwajin da aka yi a gundumomin Say da Boboye a 1993, dokar 1995 ta ce majinyaci ya ba da wani abu, a tara a asusun asibiti, kwamitin jama'a ya sa ido, a riƙa sayo magani da shi. Daga bisani, a 2005 da 2006, gwamnati ta ce fiɗar haihuwa, awon ciki, maganin tazarar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun zama kyauta. Tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya rubuta takardar bashi, baitulmali ya biya shi. Iyaye mata sun amsa kira, yawan yaran da a ke kaiwa asibiti ya ƙaru ƙwarai. Biyan kuwa ya yi ta jinkiri na watanni da shekaru, bashi ya taru ya kai miliyoyin jikkuna, har sai da aka kira babban taro a Yamai a watan Maris 2012 a kan matsalar. Masu bincike na cibiyar LASDEL sun rubuta yadda wannan jinkiri ya zazzage asusun ƙananan asibitoci, kantocin magani suka zama wayam.

Ku sa kanku a matsayin shugaban ƙaramin asibiti. Doka ta hana shi karɓar ko dala daga uwar yaro. Maganin da zai ba yaron ya ƙare, domin kuɗin da zai sayo wani yana hannun baitulmali. In ya rubuta takarda ya tura ta farmasi, kyautar ta zama suna kawai. In ya karɓi wani abu don ya cike kanta, ya karya doka. Wannan mutum gwamnati ce ta tura shi bakin rami. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ɓeran yana nan. Akwai masu fakewa da wannan hali su karɓi kuɗi babu rasit, su sayar da safar hannu da zaren ɗinki daga aljihunsu, su kumbura takardun bashi da sunayen yaran da ba su taɓa gani ba. Inda lissafi ya rikice, mai gaskiya da maras gaskiya kamanninsu ɗaya ne, kuma wannan ya fi yi wa maras gaskiya daɗi.

A watan Agusta 2024 hukumomi sun ba da sanarwar rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, tare da mai da haihuwa kyauta, daga ranar 1 ga watan Satumba na wannan shekara. Kowane mai iyali ya yi maraba da wannan. Tarihin 2006 ya koya mana cewa irin wannan mataki yana tsayawa ne a kan ƙafa biyu, farashi a manne a bango inda kowa zai gani, da kuma kuɗin cike giɓi da ke isa asibiti a kan lokaci. In ɗaya ta gurgunce, ma'aikaci ne zai sha zagin jama'a a kan alkawarin da ba shi ya ɗauka ba.

An nemi yardata? An rufa mini asiri?

A 1996 sanƙarau ya faɗa wa Kano, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mai da kwanan watanta baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Mutanen Kano ƴan uwanmu ne, harshenmu ɗaya, kuma zargin da wannan al'amari ya shuka game da maganin Turawa ya ƙetaro iyaka, ya wahalar da masu aikin rigakafi shekaru da yawa.

Neman yarda bai tsaya ga gwajin magani ba. Duk wanda za a yi wa fiɗa, ko a ɗebi jininsa don awon sida, ko a sa mata abin tazarar haihuwa, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshen da ya ke ji, a gaya masa amfani da hatsari, kana ya ce i ko a'a. Dangwala yatsa a kan takardar Faransanci da mutum bai san abin da ta ƙunsa ba, ba ya zama yarda. Akwai kuma abin da ko an yarda doka ta hana. Gyaran kundin hukunci na 2003 ya haramta kaciyar mata, ya kuma ce in ma'aikacin lafiya ne ya aikata, a yi masa horo mafi tsanani, har a iya hana shi aiki na tsawon shekara biyar.

Asiri kuwa amana ce da ta girmi dokar boko. A garuruwanmu, inda ungozoma ta san surukar majinyaciya kuma mai awon jini maƙwabcin mijinta ne, kalma ɗaya ta isa ta kashe aure ko ta hana yarinya miji. Dokar sida ta tsananta a kan wannan. Yau ga wayar hannu ta ƙaro sabuwar ƙofa: hoton wanda ya yi hatsari, ko na jaririn da aka haifa da nakasa, ya fito daga ɗakin jinya ya zaga WhatsApp kafin dangi su iso. Dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, ta shafi irin wannan. Mu ƴan jarida ma ba mu da hurumin buga abin da likita ba shi da hurumin faɗa.

In an cuce ni, ina zan kai kuka?

Bisa tsarin shari'ar da muka gada, ƙofofi uku ne. Ta farko majalisar sana'a, mai ikon gargaɗi da dakatarwa da soke sunan mutum daga rajista. Aikinta ya bambanta da na sandika, domin sandika ma'aikaci ta ke karewa, ita kuwa majalisar mutuncin sana'a da lafiyar jama'a aka ba ta tsaro. Ta biyu neman diyya, daga mai kilinik in wurin na kuɗi ne, daga hukuma in asibitin gwamnati ne. Ta uku ƙarar laifi, wadda ke iya kai mutum gidan kaso in an tabbatar da sakaci. A 2011 an kafa hukumar taimaka wa marasa hali a gaban shari'a.

Duk da haka talaka bai cika ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi ba. Bai san da su ba, kotu na da nisa da tsada, takardun jinyar da za su zama hujja sau da yawa ba a cike su ba, kuma wanda zai ba alƙali ra'ayin gwani abokin aikin wanda a ke ƙara ne, ga shi wanzami ba ya son jarfa. Bayan wannan akwai abin da ke bakinmu duka, cewa kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma haƙuri ado ne ga wanda aka yi wa rashi. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, ya jawo ɓarna, biyan diyya ya hau kansa. Wanda ya nemi a bincika mutuwar matarsa a wurin haihuwa bai yi jayayya da Ubangiji ba, yana neman kada matar wani ta bi ta hanya ɗaya.

A ɗaya gefen, ba kowace mutuwa ce sakaci ba. Abin da doka ke nema ga likita shi ne ya yi iyakar ƙoƙari bisa ilimi da ƙa'idar aikinsa, ba ta ce lalle ya warkar ba. Inda babu hanyar ƙorafi da jama'a suka amince da ita, fushi kan fita ta wata kafa, dangi su far wa malamin asibiti da zagi ko duka, ko a ɓata sunansa a rediyo ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ashe bincike na gaskiya garkuwa ce ga ma'aikaci nagari, kuma takardar jinya da aka cike da kyau ita ce babban lauyansa.

Abin da ya kamata a yi

Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina da shawarwari waɗanda ba sa bukatar sabuwar doka ko taimakon waje. Ofishin ministan kiwon lafiya ya riƙa buga sunayen gidajen magani da farmasi masu izini a kowace jiha, a kuma tilasta wa kowane wuri ya manna izininsa da farashinsa a bakin ƙofa. Masu bincike su riƙa fita a kai a kai, har Tasawa da Magarya da Madawa, su duba na gwamnati kamar yadda su ke duba na kuɗi, a kuma sanar da jama'a abin da suka gano. Baitulmali ya tsai da wa'adin biyan bashin asibitoci, ya riƙa bayyana abin da ya biya da abin da ya rage. Majalisun sana'a su riƙa faɗin yawan ƙorafin da suka karɓa da hukuncin da suka yanke, ko da ba su ambaci suna ba. Kowane babban asibiti ya keɓe wurin karɓar kuka, da wa'adin ba da amsa.

Dokokin da na lissafa muku da Faransanci aka rubuta su, alhali mafi yawan waɗanda aka yi su dominsu ba sa jin sa. Tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a fassara haƙƙoƙin majinyaci da wajiban mai magani zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da sauran harsunanmu, a riƙa karanta su a gidajen rediyon karkara. Wannan aiki namu ne mu ƴan jarida, tare da wajibin tabbatar da labari kafin mu kira sunan likita ko asibiti.

Ku ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, mun san da yawanku na aiki cikin ƙunci, albashi kaɗan, majinyata fiye da kima. Ku riƙe ƙa'idar aikinku, ku rubuta abin da kuka yi, ku ƙi sayen maganin da ba ku san asalinsa ba, in kuma aka rasa kayan aiki ku sanar da na sama a rubuce, don gobe alhaki ya faɗa inda ya dace. Ku kuma masu iko, ku fara cika abin da kuka sa wa hannu, sannan ku sami bakin tuhumar na ƙasa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.